Zaɓen kayan bugu na roba a wasan BDSM tsakanin manya masu yardar juna: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ke yawan dawowa daga bakin manya da suka amince wa juna su yi irin wannan wasa, suka kuma tsaya a kan kayan roba ba su san wanda za su ɗauka ba. Maganar ta waɗanda suka kai shekara 18 ce, masu cikakken hankali, waɗanda babu wanda ya tilasta musu. Domin sauƙin bayani, za a riƙa cewa "mai bugu" da "mai karɓa", ko namiji ne ko mace.

1. Mene ne BDSM, kuma ina wasan bugu ya shigo?

Haruffan nan huɗu taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Turanci da suka tattaro abubuwa uku: ɗauri da horo, riƙe iko da miƙa wuya, sai jin daɗin sa wa wani zafi da jin daɗin karɓarsa. Wasan bugu reshe ɗaya ne a ciki, inda mutum ɗaya ke bugun ɗaya da tafin hannu ko da wani abu da aka ƙera domin haka, gwargwadon iyakar da suka shata tun kafin a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta na goma sha ɗaya da ya fara aiki a 2022, ta cire irin wannan sha'awa daga jerin larurorin ƙwaƙwalwa matuƙar da yardar juna ake yi kuma ba ta kai ga mummunar cutarwa ba.

2. To me ya raba wannan da cin zarafi?

Yarda ce ta raba su, kuma yardar da ake nufi ita ce wadda mutum zai iya janyewa a kowane lokaci ba tare da ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba. A wasa, mai karɓa ne ke riƙe da linzami: shi ke faɗin inda za a taɓa, da ƙarfin da za a sa, da lokacin da za a tsaya. A cin zarafi kuwa, mai duka ne ke yanke komai, cikin fushi yake yi, kuma wanda ake duka ba shi da bakin cewa ya isa. Duk wanda ya ɗauki bulala yana cikin ɓacin rai, ko ya ce "ai ka riga ka yarda jiya", ko ya yi kunnen uwar shegu da kalmar tsayawa, ya fita daga wasa ya shiga zalunci, ko da wane suna ya kira abin. Yardar wanda ya bugu da giya ko ƙwaya ba yarda ba ce. Dubi tambaya ta 11 kan kalmar tsayawa da ta 15 kan doka.

3. Ba roba ta fi fatar dabba da aka jeme laushi ba? Ai kamar da ita ya kamata sabon shiga ya fara.

Nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure, kuma idan abu ɗaya kawai za a ɗauka daga wannan shafi, to wannan ne. Roba tana da laushi a hannu, tana lanƙwasawa, ba ta da kamar abin tsoro, amma a jiki tana cikin kayan da suka fi kowanne zafi. Dalili uku ne. Na farko, tana da nauyi: jelar bulalar roba ta fi jelar bulalar fata mai girmanta nauyi, don haka da ƙarfi ɗaya aka kaɗa su, ta robar ta fi sauke ƙarfi a jiki. Na biyu, tana miƙewa ta dawo, sai bakinta ya ƙara gudu a daidai lokacin da zai sauka. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, roba kama fatar mutum take yi. Fatar dabba da aka jeme tana sauka ta zame, ita kuwa roba sauka take yi ta riƙe ta ja, ta tsinke gashi, ta ƙuje saman fata, wani lokaci ta fasa ta.

Mutum zai iya gane wannan da kansa ba tare da ya bugi kowa ba. Ya ɗauki robar goge fensir ya ja ta a bayan hannunsa, sannan ya ja gefen bel ɗin fata a wuri ɗaya. Bel ɗin zai wuce sumul, robar kuwa za ta riƙa cijewa tana jan fatar tare da ita. Abin da ke faruwa ke nan a kowane bugu, sai dai cikin sauri da ƙarfi.

Saboda haka shawarata ga wanda bai taɓa yi ba ita ce ya fara da tafin hannu, domin hannu yana jin abin da yake bayarwa, sannan ya koma ga fata mai laushi ko yadi. Roba ta zo daga baya, bayan mutanen biyu sun san jikin juna. Wanda kuma dole sai roba, saboda ba ya son kayan fatar dabba ko saboda sauƙin wankewa, to ya duba tambaya ta 6 ya ɗauki mafi sauƙi a cikinsu.

4. Roba ai roba ce. Akwai bambanci ne a tsakaninsu?

Akwai, kuma babba. Robar asali, wadda ake kira lateks, daga ƙaron bishiyar roba ake samunta, bishiyar da asalinta dajin Amazon ne a Kudancin Amurka, yau kuma aka fi nomanta a ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya. Ɗanyen ƙaron yana danƙo a zafi ya sandare a sanyi, sai an dafa shi da farar wuta yake zama robar da muka sani, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Ita ce ta fi miƙewa, ta fi cizo, kuma ita ce ke tayar wa wasu mutane borin jini.

Sauran duk haɗin masana'anta ne. Niyofirin, wanda kamfanin DuPont ya samar a 1930, shi ake yin rigar masu nutso a teku da shi. Idan mai kumfa ne a ciki yana da sauƙi da laushi, idan kuwa curarre ne yana da nauyi sosai. Silikon ba shi da wari, ba ya shan ruwa ko jini, yana jure tafasasshen ruwa, shi ya sa ya fi kowanne sauƙin tsabtacewa, amma kada tsabtarsa ta ruɗi kowa, domin siririn silikon yana da raɗaɗi ƙwarai. Akwai kuma EPDM da naitiril, robobin da aka saba gani a bakin ƙofar mota da safar hannun asibiti. A can ƙasa akwai masu arha da ake rubuta musu PVC ko TPR ko TPE: suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani inda datti ke maƙalewa, kuma PVC mai laushi sau da yawa da sinadaran fitalet ake tausasa shi, waɗanda ke fitowa a hankali su bar maiƙo da wari. Idan mai sayarwa ya rubuta "roba" kawai bai faɗi irinta ba, a ɗauka akwai lateks a ciki har sai an tabbatar babu.

5. Ta yaya zan san ko jikina ba ya jituwa da lateks?

A fara da tuna baya. Leɓe ya taɓa kumbura bayan hura balan-balan? Hannu ya taɓa yin ƙaiƙayi da ja bayan sa safar roba? Kwaroron roba ya taɓa kawo kumburi ko zafi? Waɗannan duk alamu ne. Ma'aikatan lafiya da mutanen da aka yi wa tiyata sau da yawa sun fi kowa kamuwa, saboda yawan haɗuwa da shi. Haka nan wanda bakinsa ke ƙaiƙayi idan ya ci ayaba ko fiya ko kiwi ya yi hattara, domin sinadaran gina jiki da ke cikinsu suna kama da na lateks.

Matsalar iri biyu ce. Ɗaya tana zuwa cikin mintuna: borin jini, kumburin fuska, atishawa, a wasu lokuta har toshewar numfashi, wanda ke buƙatar asibiti nan take. Ɗayar kuma ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu, ƙuraje ne masu ƙaiƙayi a daidai inda robar ta taɓa, kuma sinadaran da aka dafa robar da su ne ke jawo ta, don haka ko niyofirin da naitiril suna iya haddasa ta. Bugu yana ƙara haɗarin, tunda fata ta ɗumama, ta yi gumi, wataƙila ma ta ɗan ƙuje. Wanda bai taɓa ganin wata alama ba zai iya ɗora kayan a cikin damtsensa na ɗan lokaci ya jira kwana biyu ya gani. Wanda kuwa ya taɓa samun kumburi ko wahalar numfashi kada ya gwada da kansa, likita ya nema, kuma ya tsaya ga silikon zalla.

6. Wace siffa ce ta fi dacewa: allo, bel, bulala mai jeloli ko sanda?

Ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da su duka: gwargwadon faɗin wurin da abu ya sauka, gwargwadon yadda ƙarfin ke bazuwa. Abu mai faɗi da kauri yana ba da nauyi mai shiga tsoka, wanda ake ji dum a ciki. Siriri kuma yana ba da raɗaɗi a saman fata, mai tsini kamar harbin rina. Masu karɓa sun rabu a kan wannan, wasu nauyin suke so ba sa ƙaunar raɗaɗin, wasu akasin haka, don haka tambayar farko ba "wanne ya fi kyau" ba ce, a'a, "wanne mai karɓa ke so".

Gajeren allo mai faɗin tafin hannu, mai zagayayyen gefe, shi ya fi sauƙin sarrafawa, domin inda aka nufa nan yake sauka. Allo mai huji-huji ya fi wanda ba shi da su zafi, saboda iska na wucewa ta cikinsu ba ta rage masa gudu, bakin hujin kuma yana iya tayar da bororo. Bel ɗin roba yana bin bayansa a wahala: yana da tsawo, yana lanƙwasawa, bakinsa na iya zarce inda aka nufa. Bulala mai jeloli da yawa tana da fuska biyu. Idan jelolin faffaɗa ne masu laushi kuma gajeru, da dama-dama. Idan kuwa sirara ne kamar igiyar takalmi, ko an yanke bakinsu da tsini, ko an ƙulla su, to tana fasa fata cikin bugu kaɗan, kuma ba kayan sabon shiga ba ce ko kusa. Sandar roba curarriya, irin mai kama da kulki, ita ce mafi haɗari a cikinsu, domin ƙarfinta na wuce fata ya isa can cikin tsoka alhali a waje ba a ga komai ba. Dubi tambaya ta 13 don sanin abin da hakan ke iya jawowa.

7. Na ga ana rubuta lamba kamar 40A ko 70A. Me take nufi?

Ma'aunin taurin roba ne da ake kira Shore A, daga 0 zuwa 100. Robar ɗaure takardu tana wajen 25, bayan tayar mota kuwa tsakanin 60 da 70. Ƙaramar lamba na nufin laushi da yawan lanƙwasawa, babba na nufin tauri. Sai dai lambar ita kaɗai ba ta faɗin zafi: roba mai laushi amma doguwa siririya ta fi nannaɗewa a jiki, mai tauri kuma ta fi barin taruwar jini. A haɗa ta da kauri da tsawo da nauyi kafin a yanke hukunci.

8. Idan kayan ya zo hannuna, me zan duba kafin ya taɓa jikin kowa?

A bi gefensa da yatsa daga farko har ƙarshe, ido a rufe ma ya fi. Robar da aka zuba a mazubi takan fito da siririn layi mai kaifi a inda ɓangarorin biyu suka haɗu, wadda aka yanka daga falle kuma kusurwarta na iya yin kaifin reza. Duk abin da ya karci yatsa zai yanki fata idan ya zo da gudu. Sannan a riƙe mariƙin da hannu ɗaya, a ja jelolin da ɗayan da ƙarfi: idan suka motsa ko aka ji ƙarar gam na tsagewa, wata rana za su fizge a tsakiyar bugu. A duba ko akwai ƙusa ko zoben ƙarfe kusa da inda ke sauka a jiki.

Sai a jiƙa farin ƙyalle a goga. Idan ya fito da baƙi ko maiƙo, abin da zai shiga fatar da ta ƙuje ke nan. A sansana kuma. Sabuwar roba tana da warinta da ke raguwa bayan 'yan kwanaki a iska, amma wari mai hawa kai kamar na fetur, wanda wanki bai rage shi ba, dalili ne na ajiye kayan gaba ɗaya. Daga ƙarshe mai bugu ya gwada a cinyarsa, daga a hankali zuwa ƙarfin da yake niyyar amfani da shi, ya kuma duba wurin washegari. Ban yarda mutum ya sauke wa wani abin da shi bai ɗanɗana ba.

9. Zan iya yanka tsohon tub ɗin taya ko tiyo in haɗa nawa?

Mutane na yi, amma ban ba da shawara ba. Robar taya ba don fatar mutum aka yi ta ba: akwai baƙin gawayi da mayukan masana'anta a cikinta, ta kuma sha ƙurar titi da man inji. Jikin tayar kanta yana ɗauke da siraran wayoyin ƙarfe da ke iya leƙowa bayan an yanka. Tiyo da wayar lantarki kuwa suna tattara ƙarfi a siririn layi ɗaya, suna barin tabon da kan daɗe bai ɓace ba.

10. Ina ne a jiki ake bugu, ina ne ba a taɓawa?

Inda tsoka ta yi kauri ta rufe ƙashi: tsakiyar mazaunai zuwa ƙasansu, da bayan cinya daga sama zuwa tsakiya. Saman baya, a kan faffaɗar tsokar da ke gefe biyu na ƙashin baya, yana ɗaukar bulala mai laushi kawai, ba allo ko sandar roba ba.

Wuraren da aka haramta wa kayan roba su ne kai da fuska da wuya, ƙashin baya tun daga ƙeya har ƙashin da ke tsakanin mazaunai daga sama, ciki, ƙirji, da duk wata gaɓa: gwiwa gaba da baya, gwiwar hannu, idon sawu. Wurin da aka fi mantawa shi ne tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu ta baya. Nan ƙoda take, babu ƙashin da ya kare ta sosai, kuma bugun da ya ɗan haura daga mazaunai nan yake sauka. Gefen gwiwa ta waje ma akwai jijiya a kusa da fata wadda idan ta bugu ƙafa kan kasa ɗaga yatsu. Dabara mai sauƙi ita ce a naɗe tawul a ɗora a ƙugu, ya zama kariya ya kuma zama alamar iyaka.

Akwai kuma nannaɗewa, wato jelar bulala ta zarce inda aka nufa ta zagaya gefen ƙugu ko haƙarƙari. Bakin da ya zagaya ya fi sauran gudu nesa ba kusa ba, kuma roba ta fi fata yin haka. A barbaɗa hoda a kan filo mai duhun riga, a yi ta bugu ana duba inda bakin jelolin ke barin shati. Sai an iya sauke su a wuri ɗaya sau ashirin a jere kafin a matsa kusa da mutum.

11. Yaya ake tsara kalmar tsayawa?

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta fitilar titi: "kore" a ci gaba, "rawaya" a sassauta ko a canja wuri, "ja" a tsaya cak. Amfaninta shi ne gajarta, kuma ba ta rikicewa da kukan wasa. Idan akwai abin da zai hana magana, mai karɓa ya riƙe wani abu mai ƙara a hannu, kamar tarin makullai, sakinsa na nufin ja.

Amma kada mai bugu ya jingina da kalmar kaɗai. Bayan an ɗan jima ana bugu jiki na sakin sinadaran da ke dusashe zafi, sai mutum ya riƙa cewa "kore" alhali fatarsa ta kai iyaka. Da roba wannan na faruwa da wuri. A riƙa tsayawa ana shafa wurin da hannu, ana dubawa da haske mai kyau. Fatar da ta yi fari-fari a tsakiya, ko ta yi sheƙi, ko ta fito da ɗigo-ɗigon jini, ta gama ɗauka a ranar. Shirun da ba a saba ji ba shi ma dalilin tsayawa ne.

12. Su wa ya kamata su nisanci kayan roba?

Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko asfirin a kullum. Mai larurar rashin daskarewar jini. Mai ciwon ƙoda. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara mutuwa har ba ya jin zafi daidai, ko rauninsa ke jinkirin warkewa. Mai juna biyu. Mai sikila. Wanda ya daɗe yana amfani da magungunan sitiroyid, domin suna sirantar da fata. Wanda fatarsa ke yin tabo mai tudu idan ya ji rauni shi ma ya sani cewa fashewa ɗaya na iya bar masa alama har abada. A kan duhun fata kuma ja ba ya fitowa sosai, don haka a dogara da taɓawa, a ji ɗumi da kumburi da tauri, kada a jira sai ido ya gani.

13. Bayan an gama, wane shati ne na al'ada, wanne ne na asibiti?

Ɗumi da ɗan kumburi da taruwar jini da ke canja launi ta baje cikin mako ɗaya zuwa biyu, wannan an saba gani. A sa ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a sha ruwa, a wanke duk inda ya ƙuje da ruwa da sabulu a rufe. Kada a sake bugun wurin sai ya warke sarai. Wasu kuma, mai karɓa ko mai bugu, sukan ji sanyin jiki ko baƙin ciki bayan awanni ko washegari, don haka a zauna tare, a rufa wa juna, a kuma tuntuɓi juna da safe.

Abin da ba a jira da shi: fitsari ya koma ja, ko ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ragu sosai. Wannan na iya nufin ƙoda ta bugu, ko tsoka ta farfashe tana zubar da sinadarinta cikin jini, wanda ke iya kashe ƙoda cikin kwanaki. Haka nan kumburi mai tauri da ke ƙaruwa da zafi mai tsanani, mutuwar ƙafa ko jin tsira-tsira da bai wuce ba, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga rauni, jiri, ko wahalar numfashi. A je asibiti a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya bugi wurin da lokacin da ya faru, domin da wannan bayani zai san gwajin da zai yi.

14. Yaya ake wankewa da ajiyewa, kuma mutum biyu za su iya amfani da abu ɗaya?

Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi bayan kowane amfani, a bi tsakanin jeloli da gindin mariƙi, a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. Silikon zalla, wanda ba shi da mariƙin katako ko gam, ana iya tafasa shi na 'yan mintuna. Sauran ba sa jure haka, bilic kuma yana cin lateks. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye, saboda haka duk kayan da ya taɓa jinin mutum, in dai ba silikon da za a tafasa ba ne, ya zama na wannan mutumin shi kaɗai.

Maƙiyan lateks su ne mai da rana da zafi. Basilin, man jarirai da man shafawa suna narkar da shi ya yi danƙo ya tsage, tagulla kuma tana bar masa tabo. A rataye bulala jelolinta na kallon ƙasa, a ajiye kowane kaya a jakar yadinsa daban a wuri mai sanyi da duhu, kada roba iri biyu su manne da juna. Kafin kowane wasa a lanƙwasa shi a gaban haske: idan ƙananan tsaga suka bayyana, ko ya fara danƙo, ko ya yi tauri yana marmashewa, kwanansa ya ƙare.

15. Tunda mun yarda da juna, doka ba ta da ta cewa, ko?

Ba haka ba ne a ko'ina. A Ingila, shari'ar da aka sani da R v Brown ta 1993 ta yanke cewa yardar wanda aka ji wa rauni ba ta wanke wanda ya ji masa a irin wannan wasa, dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 kuma ta rubuta a fili cewa ba a kafa hujja da yarda idan an yi wa mutum mummunan rauni don jin daɗin jima'i. Ƙasashe sun bambanta a inda suka ja layi, wasu kuma suna hana shigo da irin waɗannan kaya ko sayar da su. Kowa ya binciki dokar inda yake zaune kafin ya saya, haka kuma kafin ya sa kayan a jakar tafiya zai tsallaka iyaka.